Zaɓen Kayan Mai Kafin Ɗora Injin Turbo a Tsohuwar Hilux

Duk wanda ya yanke shawarar cire injin 22R mai kafireta daga tsohuwar Hilux domin ya ɗora mata injin turbo irin 1JZ-GTE na Toyota, mai silinda shida da lita 2.5, ya kamata ya ware kuɗin kayan mai tun kafin ya biya kuɗin injin. Kafireta na aiki da matsin mai da bai kai rabin bar (ma'aunin matsi) ba, alhali injin mai injekta yana buƙatar kusan bar 3, kuma wannan adadi yana ƙaruwa da zarar turbo ya fara hura iska. Injin da mai ya gaza masa a irin wannan lokaci zafi yake ɗauka, ya fara ƙwanƙwasa, daga ƙarshe a kwance shi a tarar da kan fistin ya narke.

Zaɓi na farko shi ne famfon da ake sakawa cikin tanki, irin Walbro 255, wanda aka ƙiyasta yana tura lita 255 a awa. Man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, ba shi da hayaniya sosai, kuma ya ishi wannan inji matuƙar ba a ƙara masa ƙarfi fiye da kima ba. Matsalarsa tana wajen tankin ne. Tsohon tanki na zamanin kafireta galibi ba shi da ɗan akwatin da ke tsare mai a bakin famfo, saboda haka idan mai ya yi ƙasa aka sha kwana ko aka hau tudu, sai man ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Kafireta tana da ɗan kofinta na ajiya da ke rufa wannan asiri, amma injekta ba ta da shi. Wanda ya zaɓi wannan hanya gara ya nemi tankin Hilux mai injekta da ya dace da shasinsa, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, maimakon a yi wa tsohon walda, domin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur abin tsoro ne a gaban wuta.

Zaɓi na biyu shi ne famfon waje irin Bosch 044. Ya fi sauƙin canzawa, amma ya fi ƙwarewa a turawa fiye da zuƙowa, don haka dole a ɗaura shi kusa da tanki kuma ƙasa da shi. Yana da ƙara, kuma a zafin watan Afrilu man da ya ɗumama kan yi kumfa a bakinsa, abin da ke rage masa kwana.

A ganina, ga motar da ke bin hanyoyin karkara da kaya, zaɓi na uku ya fi: ƙaramin tankin agaji na lita ɗaya zuwa biyu, wanda famfo mai ƙaramin matsi ke cikawa daga babban tanki, sannan babban famfo ya ɗiba daga cikinsa. Kuɗinsa ya fi yawa, mahaɗai ma sun fi yawa, amma ko mota tana tsalle a gargada man ba ya yankewa.

Kowanne aka ɗauka, sai da bututun da ke mayar da rarar mai tanki, da kuma rigulato mai ɗan tiyo da ke haɗe da bututun iskar inji, ta yadda idan turbo ya hura bar 0.7, matsin mai zai tashi zuwa bar 3.7. Tiyo ya kasance mai rubutun J30R9 a jikinsa, na cikin tanki kuwa J30R10, domin tiyon kafireta fashewa yake yi. A saka mataci mai maikuron 100 (ma'aunin girman ramukan mataci) kafin famfo da mai 10 bayansa, musamman ga mai sayen fetur a jarka wajen 'yan bumburutu. Jabun famfo ya yawaita a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Mai rewaya ya ja wa famfon waya mai kauri da rilai da fis nasa na kansa, sannan a ɗaura agogon matsi a gwada motar a kan titi tana ɗauke da kaya, a tabbatar allurar tana hawa tare da turbo kafin a sallami bakanike.