Burushin Gajere

A wani shagon kayan dabbobi da ke Osu na sayi burushin nan mai haƙoran ƙarfe, saboda Gajere, kare irin wanda ake kira Corgi, da ɗana ya kawo mana gida a Nima. Asalinsu Wales ne, karnukan kiwon shanu, shi ya sa yake bin dugadugan jikokina kamar maraƙa. Gashinsa rufi biyu ne, ga zafin Accra, sai zuba yake kamar audugar rimi. Hajiya ta ce, "Alhaji, ko shi ko tabarmata." Yanzu kullum da safe nakan taje shi a tsakar gida, shara ta ragu sosai. Mariƙin burushin dai roba ce, wata biyu ta tsage.