Gwajin bushewar baki: wane kayan aiki ya cancanci kuɗinka?

Mai kukan bakinsa na bushewa ba lallai ne yawunsa ya ragu ba, wani kuma yawun ya kusa ƙafewa amma bai taɓa kawo ƙara ba. Irin su masu ciwon suga, masu shan maganin hawan jini ko na damuwa, waɗanda aka yi wa gashin cutar kansa a kai da wuya, da masu cutar Sjögren (cutar garkuwar jiki mai busar da baki da ido), ba a dogara da abin da suka faɗa kawai.

Ni dai zaɓina ƙaramin sikeli ne mai nuna 0.01 na giram, da kofunan roba masu murfi. Ka auna kofin ba komai a ciki. Mara lafiya ya zauna ya sunkuyar da kai, yawu yana zuba ciki tsawon minti 5, ba magana ba tauna, sannan ka sake aunawa. Giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne. Lafiyayye kan ba da 0.3 zuwa 0.4 a minti, wanda ya tsaya a 0.1 ko ƙasa kuwa yawunsa ya ragu, kuma adadin da ƙa'idojin gano Sjögren na 2016 suka sa ke nan. A yi da safe, awa guda ba ci, ba sha, ba sigari. Kwalba mai zanen awo ma tana yi, sai dai kumfar yawu takan rufe layin ka koma kintace.

Takardar tambayoyi 11 da ake yi wa mara lafiya kan bushewar baki kyauta ce, amma abin da mutum yake ji kawai take kamawa. Ma'aunin Challacombe jerin alamomin bushewa 10 ne da ake dubawa a cikin baki, madubin haƙori ya ishe ka: in ya manne a kunci ko harshe, ka ga ɗaya. Na'urar lantarki mai auna danshin baki? Tsada, ga sayen murfin bakinta kullum.

Inda ake cutar mutane shi ne sikelin. An taɓa sayar mini da wani, kwalinsa ya ce 0.01, amma kofi na zaune lambobi na yawo. Duk abin da kake nema a minti 5 rabin giram ne, sikelin da ya zame da 0.2 ya ɓata maka sakamako. Kada ka karɓi wanda bai zo da ƙarfen gwaji mai sanannen nauyi ba. Ɗora ƙarfen, ɗauke, sake ɗorawa a gefen faranti, ka bar shi minti ɗaya a gaban mai kayan. In lambobi sun yi yawo ya ce batir ne, a canza a sake. Takardun gwajin yawu kuma, wato siraran takardun da ake jiƙawa da yawu, in za ka saya ka kankare gefen lambar ranar lalacewa, wasu sabuwa suke mannawa a kan tsohuwa.