Antibodin H09 na IDH1: "eh" ɗinsa gaskiya ne, "a'a" ɗinsa sai an ƙara bincike

Wata ƙanwata da ta fara aikin bincike kan ƙarin ƙwaƙwalwa, wato tsiron da ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwa, ta tambaye ni wai Yaya a cikin antibodin da kake aiki da su wanne ne ba za ka iya rabuwa da shi ba, ban ma tsaya dogon tunani ba na ce mata H09, wanda yake kama furotin IDH1 mai canjin R132H. Antibodi wani furotin ne da yake manne wa abu ɗaya da aka nufe shi da shi, a lab da shi muke rina nama mu ga ko abin yana ciki. Na daɗe ina amfani da wannan, to bari in faɗi yadda na same shi, daɗi da rashin daɗi.

Ga wanda ba ɗan lab ba, IDH1 wani furotin ne da kowa yake da shi a jiki. A wasu nau'in glioma, wani rukuni na ƙarin ƙwaƙwalwa, sai a samu amino asid ɗaya tak, cikin tubalan da ake gina furotin da su, ya sauya a gurbi na 132, arjinin ya koma histidin, shi ne ma'anar R132H ɗin. Wannan ɗan sauyin sai ya sa furotin ya bar aikinsa ya koma ƙera wani sinadari 2-HG da yake rikita yadda ƙwayar halitta take karanta DNA ɗinta. A 2008 aka fara gano canjin a glioblastoma, nau'in glioma mafi tsanani, a 2009 kuma masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka fitar da wannan antibodin, daga ɓera aka samo shi, da sunan Dianova ake sayar da shi. Ka duba fa, furotin mai amino asid sama da 400, ɗaya ne kawai ya bambanta, amma abin nan yana rarrabe lafiyayye da mai canji. Har yau abin yana ba ni mamaki wallahi.

Abin da ya sa nake sonsa, yana aiki a kan naman da aka jiƙa a fomalin aka daskare cikin kakin farafin, wato ba sai ka samu sabon nama daga tiyata ba, tsofaffin bulok da ke ajiye a ma'ajiya ma za ka yanko ka rina. In ya kama kuwa ba ruwanka da ƙifta ido kana tambayar na kusa da kai ko shi ma ya gani, cikin ƙwayoyin ƙarin zai yi ruwan ƙasa sosai, ƙwayoyin jijiyar jini da ke tsakani kuma su tsaya shuɗi abinsu, to su ne shaidarka cewa rinin bai yi ƙarya ba. Inda ya fi burge ni shi ne gefen ƙari, wurin da ƙwayoyin cutar suka ratsa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa ɗaiɗai, da rinin H&E kaɗai, wato rinin nama na yau da kullum, sai ka yini a maikuroskop ba ka rarrabe ƙari da tabon da ƙwaƙwalwa take yi in ta ji rauni ba, amma da H09 sai ka ga ƙwaya ɗaya ta fito fili ita kaɗai kamar an haska ta da tocila. A westan bulot, wata hanyar gano furotin a lab, ma yana yi, kodayake ni na fi amfani da shi a silaid.

To yanzu ga inda mutane ke zamewa. Antibodin nan R132H aka yi shi ya gani, kuma ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na canjin IDH a glioma, sauran fa? Akwai R132C, akwai R132G, ga kuma IDH2, ɗan'uwan IDH1, mai canji a gurbi na 172, waɗannan zai wuce su bai ko waiga ba, silaid ya fito fes kai kuma ka rubuta babu canji alhali akwai. Ba laifin kayan ba ne, iya abin da aka ƙera shi ya yi ke nan. Shi ya sa in bai kama ba kuma mara lafiyan bai kai shekara 55 ba, ko hoton naman bai yi kama da glioblastoma sak ba, dole a je a karanta jerin DNA. In na ga furotin ATRX ya ɓace furotin p53 kuma ya cika silaid, alamun da kan zo tare da canjin IDH, amma H09 ya yi shiru, ni kam ba na yarda da shirun nan ko kaɗan.

Kuma maganar ba ƙarama ba ce tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka IDH cikin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa a 2016, a bugun 2021 ma ta ce sunan glioblastoma sai wanda ba shi da canjin IDH. Ga maganin vorasidenib da Amurka ta amince da shi a 2024 don glioma mataki na 2 mai wannan canjin. Ka ga ke nan kuskuren silaid ɗaya zai iya canja sunan cutar da ma rukunin da za a jefa samfur a bincike.

Matsalar da na taɓa samu ni na jawo ta, na tsarma antibodi mai yawa lokaci ɗaya don ƙyuya na ajiye a firij ya daɗe, rinin ya fito dishi-dishi, Allah ya so na haɗa da naman da na san tabbas yana da canjin, shi ma ya fito a koɗe, nan na gane daga wajena ne. Tun ranar ba na rini ba tare da wannan naman gwajin ba, kuma matakin dafa silaid da ake yi kafin a zuba antibodi ba na yi masa gaggawa. Ɗan kwalbar ƙarami ne, yana ƙarewa da wuri in samfur na da yawa, na ce wa ƙanwata ta tara silaid ɗinta ta rina su lokaci ɗaya.