Fedar Boss DS-1: na yi wata takwas da ta asali da wadda aka yi wa gyara

Ina kaɗa jita a wani ƙaramin rukuni a Kaduna. Mu biyar ne, aikinmu bukukuwan aure da liyafar dare, wani lokaci kuma taron makaranta. Fedar distoshan, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sautin jita ya yi kaushi, ta farko da na mallaka ita ce Boss DS-1, wannan mai ruwan lemo da kowa ya sani, mai abin murɗawa uku: Tone, Level da Dist. Ta hannu na saye ta wurin wani abokina da ya bar kiɗa ya koma kasuwanci. Fentin gefenta ya ɗan goge, amma lafiyarta ƙalau.

Ranar da na fara jona ta ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Na sa duka ukun a tsakiya, wato ƙarfe 12 in ka ɗauki abin murɗawar kamar hannun agogo, na taka. Abin da ya fito daga amfilifayata mai wat 20 sai ka ce an zuba ƙullun ƙosai a tafasasshen mai, tsuwwa ce kawai a sama, ƙasan babu nauyi. Na shiga intanet na tarar ba ni kaɗai ba ne, mutane da yawa suna wannan kukan, kuma amsar da ake ta bayarwa ɗaya ce: a buɗe ta a canza kayan ciki.

Wannan feda ta fito tun 1978, kamfanin Boss na Japan ne ya yi ta, kuma har yau ana ƙera ta, sabuwa fil ba ta kai dala 100 ba a Amurka. Shahararrun makaɗan jita Kurt Cobain da Joe Satriani sun yi aiki da ita. Saboda arha da yawanta a hannun mutane ta zama kamar babur ɗin da kowane bakanike ya san cikinsa. Robert Keeley a Oklahoma ya yi suna da gyaranta, musamman wanda ya kira Seeing Eye da kuma Ultra, har makaɗin jita Steve Vai ya riƙe irin wadda Keeley ya gyara. Mike Piera na Analogman shi ma yana da nasa salon. Duk wannan ya sa na ɗauka cewa ta asali ɗanya ce, sai an dafa.

Abu ɗaya da na yi daidai shi ne ban taɓa tawa ba. Na jira wata biyu na samo ta biyu, ita ma ta hannu, ƙirar Taiwan, don in riƙa jera su ina kwatantawa da kunnena.

Da farko ni na so in yi aikin gyaran ta biyun da kaina. Na sayi ƙarfen narka dalma mai arha, na kwance sukurori huɗu na ƙasa, na ciro fanel. Ina ƙoƙarin cire dayod ɗaya na bar ƙarfen ya daɗe a wuri guda, layin tagulla ya ɗago ya rabu da fanel. Raina ya ɓaci sosai, don kuɗin kiɗan biki guda ne na sa a kanta. Washegari na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwarmu. Ya sa tabarau ya duba ya ce, "Ɗana, zafi ka ba shi da yawa. Wannan aikin taɓawa ake yi a ɗaga." Ya ɗauko siririyar waya ya haɗa inda ya yanke. Na ce, "Baba, to ka ƙarasa min sauran mana." Ya ce in zauna in gani da idona, in ya so gaba in yi da kaina.

A zaman nan na fahimci abin da ke faruwa a cikin akwatin. Sautin jita yana shiga, wani taransista ya ɗaga shi da ƙarfi, IC, wato ɗan cif ɗin da ke jikin fanel, ya ƙara ɗaga shi gwargwadon inda ka murɗa Dist, sannan ya tarar da dayod biyu na silikon, D4 da D5 a jikin fanel. Su ne masu aske kan sautin. Duk abin da ya haura kusan bolt 0.6 sai su yanke shi, sama da ƙasa daidai wa daida. Wannan askin shi ne kaushin da muke ji. Baba ya cire ɗaya ya sa ƙaramar jar fitila, LED, wadda ba ta fara yanka sai sauti ya kai wajen bolt 1.7. Ka ga ke nan gefe ɗaya ana aske shi da wuri, ɗayan ana barinsa ya miƙe. Ya kuma canza wasu kafasita ya sa masu ɗan girma don ƙasan sauti ya samu hanyar wucewa, ya ƙara wata ƙarama don ta rage tsuwwar sama. Duk kayan da muka saya kuɗinsu bai kai na tsirkiya saiti ɗaya ba. Ya huda ƙaramin rami a murfi ya fito da kan fitilar waje, in na bugi tsirkiya da ƙarfi sai ta yi walƙiya.

Gaskiya gyaran ya yi aiki, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne. Ƙara ta ƙaru sosai. Ta asali ko ka kai Level ƙarshe, da kaɗan take fin sautin jitar da ba a taka feda ba, musamman in Dist yana ƙasa. Wadda aka gyara kuwa tun a ƙarfe 12 ta wuce nan. Ƙasan ya cika, tsuwwar ta kwanta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bin hannu: in na shafa tsirkiya a hankali sai sautin ya fito kusan garau, in na danna sai ya yi gurnani. Na yi sati uku ita kaɗai nake takawa, ta asali tana cikin jaka.

Wani biki da muka yi a filin makarantar firamare ne ya sauya min ra'ayi. Akwai wurin da mai waƙarmu yake yin shiru, ni kuma in ɗauki amshin da jita, ina jan murya ɗaya doguwa ina girgiza ta da yatsa, irin yadda mai goge yake jan baka a kan tsirkiya ba ya barin numfashin ya yanke. Da fedar da aka gyara, sautin yana fitowa da ƙarfi a farko sai ya yi saurin faɗuwa, kafin masu kalangu su zagayo na riga na ɓace. Ga kuma ƙasan da aka ƙara mata yana shiga gonar mai jitar bes, har ya juyo ya dube ni sau biyu. Da aka tafi hutun sallar magariba na musanya na jona ta asali.

Amma ban jona ta yadda na yi ranar farko ba. Wani tsohon makaɗi ya taɓa ce min Tone na wannan feda ba a kai shi tsakiya, sai a ranar na gwada da gaske. Na mayar da Tone ƙarfe 9, Dist ƙarfe 11, Level can ƙarshe, na koma fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) na kusa da wuya, na ɗan ƙara gen (ƙarfin sautin da ke shiga) na amfilifaya har ta fara kaushi da kanta. Na ja muryar nan, ta tsaya. Ta tsaya har na gama girgiza ta na sake ta da kaina. Matsewar da dayod biyun nan suke yi, wadda nake ganin ita ce aibin fedar, ita ce ke riƙe sauti a mataki ɗaya ta hana shi faɗuwa. Muryar ta fito siririya, ta hanci, kusa da ta goge fiye da duk abin da na taɓa samu daga jita. Wata tsohuwa daga dangin ango ta taso ta yi min liƙi a daidai wurin.

Daga baya na gane dalilin tsuwwar ranar farko. Tone na DS-1 hanya biyu yake haɗawa, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama, kuma in yana tsakiya sai ya rage tsakiyar sauti, wajen haz 500, inda jikin jita yake. In ka haɗa wannan da ƙaramar amfilifaya mai sauti garau da fikof siriri irin nawa, dole ka ji soyuwar mai. Laifin saitina ne da irin amfilifayar da na ba ta.

Akwai abin da gyara bai taɓa ba, kuma shi ya fi damun duk mai kiɗa a garuruwanmu: gurnanin wuta. In ana kan janareto kuma ka jona feda da adaftar kasuwa marar tacewa, duka biyun suna ɗaukar wannan huuu ɗin su ninka shi. Maganin da na samu batir ne mai bolt 9. Fedar ba ta cin wuta, wajen miliyam 4 take ja, batir mai kyau yana kai ni bukukuwa da dama, muddin na tuna na zare wayar Input bayan an tashi, don in tana ciki batir yana ci ko ba a taka ba. Mai son adafta kuma ya lura, irin mai nagatif a tsakiya take karɓa.

Ga wanda yake niyyar gyara, ya buɗe ƙasan ya leƙa kafin ya sayi komai. Na shekarun baya kayan cikinsu masu ƙafa ne da ke ratsa fanel, mai gyaran rediyo zai iya da su. Na 'yan shekarun nan kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a manne a saman fanel, sai dai mai gyaran waya da ke da abin hura iska mai zafi. Haka kuma in ka yi sa'a ka samu tsohuwa ƙirar Japan mai IC na Toshiba TA7136, wadda aka yi kafin a sauya tsarin cikin a 1994, kada ka bari dalma ta kusance ta, darajarta a yadda take. Shi ma kamfanin ya ji abin da masu gyara suke nema, a 2022 ya fito da DS-1W mai makunni guda da ke zaɓar sauti iri biyu, ɗaya sautin asali ɗaya mai cikar tsakiya, sai dai kuɗinta ya fi ninki biyu.

Yanzu duka biyun suna kan katakon da nake ɗora fedojina. Wadda Baba ya gyara ita nake takawa in ina bin kiɗa a baya, inda nake son hannuna ya yi magana. Da zarar mai waƙa ya yi shiru ya miƙo min fili, ƙafata ta asali take nema. In da za a ce in ajiye ɗaya in sayar da ɗaya, mai fitilar zan sayar, duk da wahalar da na sha a kanta. Wani yaro da nake koya wa jita ya sayi tasa makon jiya, ya zo yana tambayata kwatancen shagon Baba. Na karɓi fedar na mayar masa da Tone ƙarfe 9, na ce ya je ya yi wata uku da ita a haka, in har lokacin yana son rami a murfi ni zan raka shi.