Gargaɗi ga masu renon kaktus a Kano: naira 185,000 mutumin nan ya ci min

Assalamu alaikum 'yan uwa masu renon kaktus (tsiron hamada mai ƙaya) da kariya (tsiron nan mai kumburarren gindi da fure) da sauran tsirrai. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ce kawai ta hana ni. Yau bayan sallar asuba wata baiwar Allah daga Tarauni ta kira ni muryarta na rawa, ashe mai sayar da tsirran nan da ya damfare ni, ita ma ya taɓa ta. Shi ne na ce wallahi sai na faɗa, mai dariya ya yi ta yi.

Naira 185,000. Dubu ɗari da tamanin da biyar. Kuɗin adashina ne da na kwasa, wata goma ina zubi. Na tura 120,000 da farko, sai 40,000, sai kuma 25,000. Duka da hannuna na tura, a wayata, ina zaune a tsakar ɗakina a Hotoro, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Kafin wani ya ce ai ganganci ne, ku tsaya ku ji. Ni ba jiya na fara ba. Shekara shida ina wannan harka, tukunya ta haura saba'in a barandar sama. Na san yadda damina ke kashe kaktus a garin nan, ruwan Agusta ya kwana biyu a tukunya sai ka taɓa gindin ka ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na san haɗa ƙasa, yashi mai kaushi da tsakuwa da gawayi da fasasshen jan bulo, taki ɗan kaɗan. Na san farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke laɓewa a tsakanin ƙaya. Masu sayar da furanni a bakin titin Nasarawa sun san ni, wasu ma ni suke tambaya sunan abin da suke sayarwa. Don haka kada wanda ya zo ya ce min ban san abin da nake yi ba.

A Instagram na fara ganinsa, daga baya muka koma WhatsApp. Ya ce a Jos yake, yana da lambu a can, kuma yana shigo da kaya daga Tailan. Maganar ta zauna min, domin kowa ya san ana ɗauko furanni daga Jos a sayar a Kano, kuma kowa a wannan harka ya san Tailan ce gidan kariya mai aure, mai fure ninki-ninki. Me zan zarga a nan?

Kuma na gwada shi, wallahi na gwada shi. Wannan wurin nake ta komawa a raina dare da rana. Na yi masa tambayar da nake yi wa duk wani mai ikirarin ya san kaktus. Na ce, Malam, ta yaya mutum zai bambanta kaktus da tinya ko ƙerana? Ko minti biyu ba a yi ba ya turo saƙon murya. Har yanzu yana wayata, na saurare shi ya fi sau talatin. Ya ce, "Hajiya, ai abu ne mai sauƙi. Ki soka masa allura. In farin ruwa kamar nono ya fito, to dangin tinya ne, ki wanke hannu maza kada ya shiga ido. Kaktus kuma ki duba gindin ƙayar, za ki ga ɗan tudu mai gashi-gashi kamar auduga, daga nan ƙaya take fitowa, daga nan fure yake fitowa. Tinya ba ta da shi." Daidai. Ko ni ba zan faɗa fiye da haka ba. Har ya ƙara da cewa kaktus asalinsa daga nahiyar Amurka yake, irin su Meziko, namu na gida da ake shinge da su a karkara kama ce kawai ta haɗa su. A ƙarshen saƙon ana jin kiran sallah a bayansa, ya ce, "Bari in je masallaci Hajiya, ma ƙarasa anjima." A nan zuciyata ta kwanta. A daidai wannan kiran sallar. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na manta ban faɗa ba, kafin wannan, ko bayansa ne, kaina ya ɗaure, na taɓa sayen kaya a wurinsa kuma sun iso lafiya. Ƙananan kaktus guda biyu masu jan kai, irin waɗanda ake ɗora jan a kan kore saboda shi jan ba shi da koren da zai haɗa abincinsa da hasken rana, sai ya rayu a jikin na ƙasan. Naira 9,000 duka biyun. Ya ƙi karɓar kuɗin ma. Ya ce, "Hajiya riƙe kuɗinki, sai sun iso hannunki kin gani." Ƙanina ya je tashar Unguwa Uku ya karɓo a wurin direba, an naɗe su da jarida tsaf, ko ƙaya ɗaya ba ta karye ba. Sannan na tura masa. Ku faɗa min tsakani da Allah, wa zai yi zargin mutumin da ya aiko kaya kafin a biya shi? Suna nan a barandata har yanzu, ba na son ko kallonsu. Ashe tsaba ya watsa min, kayan dubu tara ya zuba ya kwashi dubu ɗari da tamanin da biyar.

Akwai ma ranar da na tura masa hoton kariya mai shuɗin fure da na gani ana tallan irinta, na ce ko yana da ita. Cewa ya yi, "Hajiya kada ki yarda, babu kariya shuɗiya a duniya, kwamfuta ce ta rina hoton, 'yan damfara ne." Shi da bakinsa ya ce 'yan damfara ne. Shi yake yi min gargaɗi a kan 'yan damfara.

Abin da ya ja ni shi ne Astrophytum asterias. Waɗanda suka daɗe a harkar sun san shi, ɗan dunƙulalle mara ƙaya, mai tsagi takwas, jikinsa da ɗigo-ɗigon fari, furensa rawaya mai ja a tsakiya. Asalinsa kudancin Tekzas da arewa maso gabashin Meziko, kuma a Japan aka fitar da nau'in da ake kira Super Kabuto, wanda farin ya kusa rufe jikin gaba ɗaya. Ba ya saurin girma, shekaru yake ɗauka kafin ya kai faɗin murfin kofi, shi ya sa yake tsada. Shekara uku ina nemansa a ƙasar nan. Sai ga mutumin nan ya ce yana da guda huɗu a hanya, da Lithops guda goma, waɗannan masu kama da tsakuwa da ake samu a Namibiya da Afirka ta Kudu, da kariya mai aure guda biyu. Duka 120,000, wai ya yi min ragi saboda ni tsohuwar kwastoma ce, amma sai na biya a ranar domin wata Hajiya daga Abuja tana jira.

Ban tura haka kawai ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo. Muka yi. Ya zaga da ni cikin lambu, rumfar raga, tukwane jere reras, ana jin ƙarar famfo. Fuskarsa ce kawai bai tsaya ya nuna sosai ba, ya ce hasken rana ne. Daga baya na gano lambun wani bawan Allah ne a Jos, shiga ya yi kamar mai saye ya riƙa ɗaukar bidiyo. Mai lambun bai ma san shi ba. Amma a lokacin ta yaya zan sani? Na ga lambu da idona, na ji muryar da na saba ji.

Abu ɗaya ne na gani na kau da kai, kuma ba zan ɓoye ba. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, sunan mace ne. Na tambaya, ya ce na ƙanwarsa ne, nasa ya samu matsala. Mutum nawa ne a Kwari da Wambai suke ba ka asusun yaron shago ko na mai POS ka tura, kuma ka karɓi kayanka lafiya? Kullum muna yi. Na tura 120,000.

Bayan kwana huɗu, a'a biyar, ranar Laraba ce dai, ya kira wai an riƙe kayan a filin jirgin Legas, sai an biya kuɗin takardar lafiyar tsirrai. Nan ma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa ta kama ni. Na san ba a shigo da tsiro mai rai ƙasar nan sai da izinin hukumar killace kayan gona da takardar shaidar lafiyarsa, na kuma san kaktus yana cikin tsirran da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido, asterias ma yana cikin waɗanda aka fi tsaurara wa. Abin da na sani shi ya ɗauka ya dake ni da shi. Ya ce kasona 40,000. Na ce ai ba mu yi haka da kai ba. Ya ce, "Hajiya, in suka ƙara kwana uku a kwali Lithops ɗin nan ruɓewa za su yi, ni ba kuɗin nake ji ba." Na tura. Sai 25,000 kuma, wai na mota da kwali na musamman daga Legas zuwa Kano. Maigidana ya ce min, "Anya kuwa?" Na ce masa na san mutumin. Haka na faɗa, na san mutumin. Har yau bai tayar min da maganar ba, shirun nasa ya fi min zafi.

Kwali ya iso kuwa. Da bai aiko komai ba da ya fi min sauƙi. Kwalin taliya ne an naɗe da salatif. Na shimfiɗa tabarma, na jera sababbin tukwanen ƙasa da na saya tun mako guda, na wanke yashi na shanya saboda su. Yarana suka zagaye ni. Na buɗe. Guntayen tinya ne guda shida, an yanko su da wuƙa, babu saiwa ko ɗaya, an ɗiɗɗiga musu farin fenti, an manna busassun furanni a kai da gam. A ƙasa kuma leda ce cike da tsakuwar rafi, tsakuwa ta gaske, wai su ne Lithops. Ƙaramin ɗana ya riga ni kai hannu, farin ruwan ya taɓa masa yatsu, na fizge shi na yi famfo da shi da sabulu ina salati kada ya kai ido. Duk da haka sai da wurin ya yi ja ya kwana yana kuka. Tinya. Abin da ya koya min yadda zan gane, shi ya aiko min. Ungulu da kan zabo, a naira 185,000.

Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na tura hoto, ya buɗe ya gani. Can da daddare ya rubuto, "Hajiya kuskuren yara ne wajen ɗaure kaya, gobe in sha Allahu." Gobe ta yi ya toshe ni ko'ina, shafin ma ya canza masa suna. Hotunan asterias ɗin kuwa ƙanina ya bincika ya gano na wani lambu ne a Tailan, an yanke tambarinsu daga gefe.

Na je banki na cika takardar ƙorafi, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, ina jira. Ita ta Tarauni 70,000 ya karɓa, da irin wannan saƙon muryar, da "riƙe kuɗinki sai sun iso", har da kiran sallar. Akwai wata ta uku a Kabuga da aka ce min, ba mu yi magana ba tukuna. Ban rubuta sunansa ba domin suna uku muka ƙirga zuwa yanzu, babu na gaske a ciki, kuma ba na son in jefa mai asusun cikin bala'i in ita ma amfani aka yi da ita. Amma hotunan hirarmu da rasit uku da saƙon muryar da hoton kwalin duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambobin mutane. Ku saurari muryar da kyau, ita ce ba zai iya canzawa ba.

Kada ku biya kafin ku riƙe tsiro a hannu. In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku fasa. In aka ce ku ƙaro kuɗin fito da kaya, kun riga kun shiga, ku tsaya a nan.

Duk wadda ya taɓa, ta yi min magana ta akwatin sirri, ko nawa ne, ko dubu biyar ce, mu haɗa rasit ɗinmu wuri ɗaya mu kai. Tinyar na haƙa rami na binne saboda yara. Tukwanen nan goma sha shida suna nan jere a baranda da yashinsu, babu komai a ciki. 185,000. Ban yafe ba, duniya da lahira.