Hattara da mai farar riga da ke tallar "garin bincike" a Kaduna

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna. Abin da ya sami goggona, yayar mahaifina da ke zaune a Tudun Wada, shi ya sa na rubuta wannan, kuma na tabbata ba ita kaɗai ta sayi garin nan ba. Duk mai tsoho a gida da ke fama da ciwon suga ko hawan jini ko sanyin ƙashi, don Allah ya daure ya karanta.

Mutumin yana yawo da ƙaramar mota mai lasifika a kai. An gan shi a gefen Kasuwar Barci, an gan shi wajen tashar Kawo, ranar Juma'a kuma yakan tsaya inda masallata ke fitowa. Farar rigar ma'aikatan asibiti yake sawa, yaransa biyu suna ce masa Dakta. Ba ya yarda a kira shi mai maganin gargajiya. Cewa yake shi masanin binciken tsirrai ne, ya kwashe shekaru a ɗakin gwaji na wata jami'a kafin ya haɗa gari guda daga zogale da sabara da ɓawon maɗaci da habbatussauda. Yana saka bidiyo a Facebook da TikTok. Garin yana cikin farar roba, an manna mata takarda mai wata lamba da ya ce ta NAFDAC ce. Sunan da ke jikin robar daban, na asusun da ake tura kuɗi daban, don haka ku riƙe kamanninsa da irin maganarsa.

Goggo ta shekara takwas da ciwon suga, tana shan ƙwayoyinta ba fashi, sai dai gwiwa ta hana ta sallah a tsaye. Wata maƙwabciya ce ta kai ta wurinsa. Ya ce mata, "Hajiya, in za ki sha nawa sai kin ajiye na asibiti, ba sa haɗuwa. Bayan kwana uku ke za ki ba ni labari." Roba ɗaya naira 18,000. Uku ta sha.

Kwana uku kuwa gwiwa ta saki. Ta yi sallar asuba a tsaye, ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya kawo sauƙi." Na taya ta murna da zuciya ɗaya, kuma har yau abin yana ci min rai da ban ɗauki robar na duba ba tun ranar. Ta ba da labari a gidan suna, mata huɗu suka karɓi lambarsa.

Wata biyu da ɗoriya fuskarta ta cika ta yi zagaye, jama'a suna ta cewa Hajiya ta murmure. Ga ci, ga ƙishirwa, ga fitsarin dare ba adadi. Ranar wata Talata ta faɗi wajen alwala. A asibiti aka tarar suga ya yi mummunan hawa, jini ma haka, ta kwana tara a gado. Likitan da ya duba ta bai ma ji labarin garin ba ya tambaye mu ko tana shan wani abu a ɓoye, domin ya ce alamomin na wanda ya daɗe yana shan deksametazon ne ko danginsa.

Ni da ƙanena muka je ɗakin da mai garin yake karɓar mutane a Rigasa. Ya tashi, ya bar bashin haya. Mai gidan ya buɗe mana. Mun ga turmi da rariya da ragowar garin ganye a buhu, sai wata babbar leda cike da fankon katin ƙwayoyi, wasu na deksametazon, wasu na diklofenak. Da idona na gani. Dakawa yake ya cuɗa da ganye, ɗacin maɗaci ya rufe ɗanɗanon.

Deksametazon magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi da awo na ɗan lokaci, kuma yana kwantar da kumburi da ciwo cikin hanzari. Idan aka daɗe ana sha sai ya tayar da suga, ya tayar da jini, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ku duba wadda aka ba shi: mai ciwon suga da aka raba da maganinta. Diklofenak kuma idan aka dage masa yana cin ciki har ya kai ga gyambo, yana taɓa ƙoda, alhali ƙodar mai suga da ma a wahale take.

Ina roƙon kada kowa ya ɗauka ina zagin itatuwanmu. Na tashi a gidan da ake dafa sabara da ganyen darbejiya, kuma na san masu magani na gado masu tsoron Allah, waɗanda za su gaya maka sunan saiwar da suka ba ka, in ciwo ya fi ƙarfinsu su ce tafi asibiti. Abin da ya ɓata min rai shi ne satar sunan ilimi. Binciken magani daga tsirrai fanni ne mai zaman kansa, kuma a nan jiharmu, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai sashe sukutum a tsangayar harhaɗa magunguna da wannan ne aikinsa. Sai an tantance tsiron tukuna, a tatse sinadaransa, a gwada gubarsa a jikin dabbobi, a gano awon da ke warkarwa da wanda ke illa, kafin a zo kan mutane. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka ya fito, a 1820 masana biyu a Faransa suka ware shi. Sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan maleriya na yau, Tu Yuyu 'yar ƙasar Sin da abokan aikinta suka ciro shi daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970, kyautar Nobel ba ta zo mata ba sai 2015. A gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan na masu amosanin jini daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, bayan shekaru ana gwaji. Kowannensu da ciwon da aka yi shi dominsa, da awonsa a rubuce. Shi kuwa wannan, garinsa ɗaya wai na suga ne, na hanta ne, na basir ne, na rashin haihuwa ne, cokali ɗaya ga tsoho da yaro.

Batun lamba kuma. Maganin gargajiya da NAFDAC ta sa a jerinta lambarsa takan ƙare da harafin L, kuma abin da hakan ke nufi shi ne an duba ba shi da guba a awon da aka faɗa. Hukumar ba ta ce yana warkar da abin da mai shi ke iƙirari ba. Tana da rumbun Greenbook a intanet inda ake duba rajistar magunguna. Na saka lambar da ke robar Goggo, ba ta fito ba. Robar babu adireshin inda aka haɗa, babu ranar ƙarewar wa'adi.

Wanda ya san ya yi makonni yana shan garin nan, kada ya yanke rana ɗaya da kansa. Jikin da ya saba da deksametazon yakan rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin galabaita da faɗuwar jini mai haɗari. Ya ɗauki robar ya kai wa likita yau, a auna suga da jini da ƙoda, a janye masa a hankali. Kada a zubar da ragowar garin, shi ne shaida, NAFDAC tana da ofis da ɗakin gwaji a nan Kaduna. Mu mun kai tamu robar da hotunan katunan.

Goggo ta dawo gida, an ƙara mata allurar insulin a kan ƙwayoyinta na da, ta koma sallah a zaune. Cikin matan nan huɗu mun samu uku, ta huɗun ta tafi ƙauye wajen Giwa da roba biyu, ana kan neman lambar ɗanta. Makon jiya wani abokina ya ce ya hangi motar a hanyar Mando, an canza takardar da ke jikin robar daga kore zuwa shuɗiya.