Python na python.org ya fitar da ni kunya, amma sai da na yi kwana biyu ina gyara

Shekara ta uku ke nan ina rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma ban taɓa buɗe takardar lasisinsa ba sai watan jiya. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a sari na yi wa manhajar lissafin kaya. Ya ga ta yi masa, sai ya ce zai riƙa sayar wa abokan kasuwancinsa da sunan shagonsa. Ranar da zan karɓi cikon kuɗina ya zo da ɗansa lauya. Shi ne ya ce mini, "Malam, a rubuto mana duk abin da ke cikin manhajar nan wanda ba kai ka rubuta ba, da lasisin kowanne, kafin Baba ya biya." Na ce to Barista. Gabana ya faɗi.

Dalilin da ya sa nake son Python tun farko shi ne yana zuwa da kayansa a ƙunshe. Ka saka shi a kwamfuta, ga sqlite3 na ajiye bayanai, ga tkinter na zana fuskar manhaja, ga ssl na tsare sadarwa da zlib na matse fayil, ba sai ka nemi intanet ba, wanda kowa ya san yadda yake a cikin kasuwa. To amma yawancin waɗannan ba mutanen Python ne suka ƙera su ba. Aro aka yi aka haɗa. Kayan aro kuwa kowanne da sharaɗin mai shi.

Da dare na buɗe fayil ɗin LICENSE.txt da ke cikin wurin da Python ya zauna a Windows, da shafin tarihi da lasisi na takardunsa. Wallahi na ji daɗi. Komai a rubuce yake. Lasisin PSF, wato gidauniyar da ke kula da Python, ya ba ka damar sarrafawa da sayarwa ba tare da ka buɗe rubutun manhajarka ba, muddin ka bar sanarwar haƙƙin mallaka. Tcl/Tk, bzip2, libffi, expat, zlib, duk masu sauƙin sharaɗi ne. OpenSSL tun daga sigar 3.0 ya koma Apache 2.0. SQLite kuwa, wanda ya shiga Python a sigar 2.5 a 2006, mai shi ya sake shi ga jama'a gaba ɗaya, a wurin lasisi ma addu'a ya rubuta, cewa ka aikata alheri kada ka aikata sharri. Har tarihin rigimar da aka yi sun ajiye: lasisin Python 1.6 bai jitu da GPL ba, wato lasisin da ke tilasta buɗe rubutun manhaja, sai a 2001 aka daidaita. Mutanen da suka taɓa ƙonewa ne, shi ya sa suke tace abin da suke sakawa a ƙunshin.

Na kusa rufe kwamfuta in kwanta sai na tuna da rasit. Python ba ya zuwa da abin fitar da PDF, don haka tun farkon aikin na jawo wata laburare, wato shiryayyen ɓangaren manhaja da wasu suka rubuta, daga waje da pip, abin da ake jawo irin waɗannan da shi. Na duba ta: AGPL. Ma'ana idan Alhaji ya sayar da manhajar, dole a ba masu saye rubutunta duka a ƙarƙashin wannan lasisin, ko kuma a sayi lasisin kasuwanci daga kamfanin da dala. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda shafinta ke cike da misalai masu jan hankali da kalmar kyauta, maganar sharaɗi kuwa tana can ƙasa. Ba na jayayya da haƙƙinsu, guminsu ne. Amma a faɗa wa mutum tun a bakin ƙofa mana.

Nan ne murnata ta ragu. Ƙunshin Python tsaf yake, sai dai bai kai ko'ina ba, kuma da ka taka wajensa babu mai riƙe maka hannu. Abin da ka jawo yana iya jawo wasu biyar a bayansa, kowanne da nasa lasisin. Kwana biyu na yi ina cire waccan laburare ina sake rubuta sashen rasit da ReportLab, mai lasisin BSD mai sauƙin sharaɗi. Ba a ƙara mini ko kwabo a kan wannan aikin ba, kuma ban ga fuskar neman ƙari ba.

Duk da haka ba zan rage wa Python maki ba a kan abin da ya zo da shi. Jerin da na kai wa Barista shafi ɗaya ne, kusan duka kwafowa na yi daga takardunsu. Ya karanta, ya ce a saka fayil ɗin lasisin a cikin kowane kwafi da za a sayar, na saka. Alhaji ya biya ni ranar Alhamis. Yanzu kafin in jawo komai sai na duba lasisinsa, bayan na saka kuma in sake tabbatarwa da pip show, umarnin da ke nuna bayanan laburare.